Lambun Da Na Ƙi A Sare

Bara, ranar sunan 'yar Bilki, ina zaune a ɗaki mata suna ta hayaniya a tsakar gida, sai na jiyo muryarki, Bilki, kina ba dangin mijinki labarina. Cewa kika yi, ai Umma ba ta haɗa fulawoyinta da kowa ba, ko 'yan bindiga ba su raba ta da su ba. Matan suka yi dariya. Ban fito ba, ban kuma yi miki magana daga baya ba, don na san ba ke kika ƙirƙiro zancen ba. Shi kuka ji a bakin mutane, ke da Nura, lokacin kuna makaranta a Zariya, kuma ni na bar ku a kansa. Yanzu idona ya fara rauni, hawan jini kuma ba ya raga mini, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya faru a waccan kakar tun hannuna yana iya riƙe biro. A cikin abin da mutane suke faɗa akwai ƙarya, akwai kuma gaskiya, kuma duka biyun zan faɗa muku.

Lambun nan ba ni na fara shi ba, babanku ne. Ya ƙare ƙarfinsa a aikin gandun daji, kuma duk lokacin da ya dawo daga rangadi sai ka gan shi da wata saiwa ko reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu a bayan keke. Mutanen ƙauyenmu, can tsakanin Kutemeshi da Gayam, sun daɗe suna masa dariya. Su a wurinsu filin bayan gida na kuɓewa ne da barkono, shi kuwa ya cika nasa da abin da ba a ci. Ya kewaye shi da lalle, ya dasa minjirya a kusurwoyi, ya jera rawaya a gefen hanyar rijiya, ya sa albasar kwaɗi a gindin danga, wadda take mutuwa da rani ta sake tsirowa da kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Akwai wata fulawa mai ƙaya da ya samo daga Kaduna, ta hau rumfar da yake rainon dashe a ciki ta lulluɓe ta ruf. Amma abin da ya fi so shi ne ciyawa. Gamba da kyasuwa, waɗanda kowane manomi yake yaƙi da su a gona, shi kuwa ya tsara su rukuni-rukuni kamar yadda nake jera 'yan aji. Da damina lambun kore ne kawai, ba abin kallo. Sai ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, sannan za ka gane abin da yake nufi. Kyasuwa ta yi ja kamar an zuba mata jini, gamba ta wuce tsayin mutum ta fitar da kai fari-fari mai sheƙi, minjirya ta zubar da ganye ta bar jan fure tsirara a kan reshe, rawaya kuma ta buɗe a ƙasa. Da la'asar idan rana ta karkata ta bugi wurin, har masu masa dariyar sukan rage tafiya su leƙa ta kan danga. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ni na karɓi lambun. Na yi ritaya daga koyarwa a lokacin, kuma a gaskiya na riga na kamu da son wurin fiye da yadda nake nunawa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu, aka kuma hana cin kasuwa. Mu uku ne a gidan, ni da babanku da yayanku Magaji. Magaji ya shiga 'yan sa-kai tun damina, bayan an kwashe abokansa biyu a gona. Ban hana shi ba. Da wace fuska zan hana shi, alhali kowane gida ya ba da mutum? Amma tun daga ranar ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba. Idan na ji ƙarar babur daga nesa sai ludayi ya tsaya a hannuna har sai ƙarar ta wuce. Dawa ta nuna a gonaki ba mai zuwa yanka, sai a taru mutum ashirin a tafi gona ɗaya, wasu na aiki wasu na kallon daji. Ana cikin haka aka kashe mutum uku a hanyar rafi, cikinsu har da ƙanen mai unguwa. Washegari samarin ƙauyukanmu suka taru suka nufi rugar da ke bayan tsauni, rugar da ta fi Magaji shekaru a wurin, suka cinna mata wuta. Daga tsakar gidanmu na ga hayaƙin. Ban taɓa tambayar yayanku ko yana cikinsu ba, har yau.

Kwana ɗaya bayan haka, da hantsi, na shiga lambu ɗebo ruwa sai na ga gamba tana motsi alhali ba iska. Na tsaya, guga a hannu. Sai na ji an kira ni a hankali.

“Malama. Ni ce, kada ki yi ihu.”

Dije ce, mai nononmu. Kun san ta, ita take kawo mana kindirmo tun kafin a haifi Nura, ita ta kawo man shanun da aka yi wa Bilki tuwon suna da shi. Shekara guda kafin nan mutanen daji sun kore shanunsu duka, suka kashe ɗanta da ya bi sawu. Yanzu kuma mutanen gari sun ƙone mata bukka. Tana zaune a ƙasa, goye da jikarta Hajjo 'yar shekara uku, ƙafarta ta dama ta kumbura kamar tulu, kututture ya huda ta wajen gudu. Sauran 'yan rugar sun watse, ba ta san inda kowa ya nufa ba.

“Ba inda na sani sai nan,” in ji ta. “In kin ce in tafi zan tafi, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Amma ki karɓi yarinyar.”

Na dubi ƙafar, na dubi yarinyar da leɓenta ya bushe ya tsage. Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take na yi jarunta ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne Magaji, da abin da za a yi masa idan aka samu Bafulatana a gidansu. Sannan na ajiye gugan na kama ta, muka ja jiki zuwa rumfar dashe, wadda fulawa mai ƙaya ta rufe ta sama, gamba kuma ta kewaye ta ta ko'ina. Ko daga bakin rijiya ba ka ganin akwai rumfa a wurin.

Babanku kaɗai na gaya wa. Yana kwance a kan tabarma, na durƙusa na faɗa masa a kunne. Maganarsa ta riga ta lalace a lokacin, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce,

“Gishiri. Ruwan zafi.”

Ƙafar yake nufi. Daga nan na san ba ni kaɗai ba ce.

Kwana tara Dije ta yi a rumfar nan, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. Abinci nakan zuba shi a cikin bokitin ban ruwa in rufe da tsumma, in shiga lambu kamar mai zuwa duba shuka. Na ƙara yawan tuwo, sai Magaji ya ce, Umma kwana biyun nan kina cin abinci, na ce masa maganin hawan jini ne yake sa ni yunwa. Babbar fargabata Hajjo ce. Yaro ɗan shekara uku bai san ɓuya ba. Na kwaso mata tsofaffin allunan makaranta da alli, na riƙa kai mata rake tana tsotsa don bakinta ya samu aiki. Rediyon babanku kuwa na fitar da shi tsakar gida na ƙure murya tun safe har yamma, ko ba abin da ake faɗa sai shuu, har maƙwabta suka fara cewa kunnen Malama ya tafi. Wata rana da azahar yarinyar ta fasa kuka, daidai lokacin da matar mai unguwa ta shigo aron turmi. Na saki faranti a ƙasa da gangan, na hau faɗa da akuya da ba ta yi mini komai ba. Matar ta dube ni ta ɗauki turmi ta fita. Bayan ta tafi na zauna a bakin murhu har wuta ta mutu.

A kwana na huɗu mai shela ya zaga gari. An yanke shawara a ƙofar mai unguwa cewa duk wata doguwar ciyawa, da dawa, da masarar da ke kusa da gidaje, a sare ta kafin jibi, don a riƙa hango mai zuwa daga nesa. Shawara ce mai kyau, ni ma da an tambaye ni ita zan bayar. Kafin faɗuwar rana ka ji adda na aiki ta kowane gefe. Mutane suka sare dawar da saura mako biyu ta nuna, suna sara suna hawaye. Washegari bayan ƙauyen ya zama fili fetal, ba abin da ya rage a tsaye sai lambunmu, ja da fari da rawaya, ana hango shi tun daga rafi. Mai unguwa ya aiko, na ce a gaya masa ina nan tafe. Ya sake aikowa, na ce Malam ba ya jin daɗi. Mata suka daina amsa gaisuwata a bakin famfo. Na ji da kunnena wata tana cewa, mun sare abincin 'ya'yanmu, ita tana gadin ciyawa.

Ranar Lahadi, kwana na shida, Magaji ya shigo da abokansa biyu, kowa da adda. Ina wanke-wanke na gan su sun nufi ƙofar lambu. Ban san lokacin da na tashi na riga su isa ba, na tsaya a bakin ƙofar da kumfa a hannuna.

“Umma, ki matsa,” ya ce, bai ɗaga murya ba. “An gaji da aike. Ni aka sa, don kada wani ya zo ya yi miki rashin kunya.”

“Ba za a sare ba.”

“Umma, ciyawa ce fa. Ba za ta sake tsirowa baɗi ba? Mutane suna zagina a gari. Ana cewa ina tsare ƙofar wasu, na bar tamu a buɗe.”

“Na ji. Ba yau ba.”

“To yaushe?”

Ɗaya daga cikin abokan nasa, wanda na koya wa karatu a aji uku, ya kawar da kai yana murmushin takaici. Daga ɗaki muka ji babanku yana bubbuga sandarsa a jikin ƙofa, yana ta ƙoƙarin fitar da magana, har ta fito.

“Bar… shi.”

Magaji ya raɓa ta gefena ya shiga. Taku uku ya yi ya tsaya. Na bi inda idonsa ya sauka, sai na ga ɗan takalmin roba na Hajjo, ƙafa ɗaya, a gindin rawaya. A gidanmu ba ƙaramin yaro, kowa ya sani. Magaji ya ɗaga kai ya dubi wajen rumfa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa ƙafa ya taka takalmin, ya tsaya a kansa, ya juyo wajen abokansa.

“Ku je kawai,” ya ce. “Tsohon nan ba shi da lafiya, in aka sare a gabansa wani abu zai iya samunsa. Ni zan yi da kaina. Ku gaya wa mai unguwa a wuyana yake.”

Da suka fita ya duƙa ya ɗauki takalmin ya sa mini a hannu. Idonsa ya yi ja.

“Su nawa ne?”

“Dije ce da jikarta. Ƙafarta ta ruɓe, ba ta iya takawa.”

“Umma, kin san abin da za a yi mana?”

“Na sani.”

Ya share fuska da hannun riga. “Ranar da suka tafi, ranar zan sare. Kada ki ƙara mini ko yini ɗaya.”

Na ce masa na yi alkawari. Ku riƙe wannan, don a kansa sauran labarin yake. Ku kuma sani yayanku ya san komai tun ranar, ya sha zagi a gari bai buɗe baki ba, kuma ko ku bai taɓa gaya wa ba.

Wanda ya fitar da Dije shi ne maƙwabcinmu Ayuba, wanda kuke kira Baban Luka. Dangarmu ɗaya da su, rumbunsa yana jingine da lallen lambunmu. Su Kirista ne, mu Musulmi, amma shekara da shekaru tuwon sallarmu yana shiga gidansu, shinkafar Kirsimetinsu tana shigowa namu. Matarsa Saratu ce ta fara ganewa. Ta kira ni ta kan danga ranar Litinin tana shanya barkono, ba ta ko dube ni ba ta ce,

“Malama, akuyarki da ke kuka a lambu tana tari. Ga zuma nan na ajiye a gindin lalle.”

Ta ci gaba da baza barkononta, ta ce Baban Luka zai kai masara Birnin Gwari ranar Laraba a tsohuwar a-kori-kurarsa, tare da ayarin motocin da sojoji suke rakawa, kuma akwai wuri a baya idan ina da mara lafiya. Ranar Talata Saratu ta tsallako ta wani gibi a danga, ta zauna a rumfa ta kwance wa Dije kitsonta na Fulani ta yi mata irin namu, ta cire mata 'yan kunne da warwaro. Laraba da sassafe na sa mata hijabina, muka kwantar da ita a kan buhuna, ƙafar a waje don duk mai leƙawa ya gani, aka ce 'yar'uwata ce za a kai asibiti. Hajjo kuwa Saratu ta goya ta ta zauna a gaba. Kafin motar ta tashi Dije ta kama hannuna ta ce, “Mi yetti, Malama,” wato na gode da Fulatanci. Ayuba ya dawo bayan azahar ya leƙo ta kan danga yana dariya, ya ce an wuce shinge huɗu ba wanda ya tambaya, kuma ya damƙa ta a hannun wani ɗan'uwanta mai sayar da magungunan dabbobi. Daga baya na samu labari ta kai wajen danginta ta gefen Funtuwa, ƙafar ta warke, sai ɗingishi.

Waɗannan kwana taran ba na nadamarsu. Da za a maimaita, haka zan sake yi. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa a cikinku ba.

Da la'asar ɗin ranar Larabar Magaji ya zauna a tsakar gida yana wasa adda a kan dutse. Babanku ya ji ƙarar, ya yi alama a fitar da shi. Muka kama shi ni da Magaji muka zaunar da shi a kujerarsa a bakin lambu. Tun da Dije ta zo bai leƙa wurin ba, don kada zamansa ya jawo masu zuwa gaisuwa. Rana ta karkata, ta shiga cikin kyasuwar nan ta kunna ta, kan gamba yana ta walƙiya, furen minjirya ya zubo ya rufe hanyar rijiya. Ban taɓa ganin lambun ya yi kyau irin na shekarar ba, ko don shi kaɗai ya rage a tsaye ne, ban sani ba. Babanku ya yi ta kallo, hawaye yana bin ɓarin fuskarsa da ya mutu. Ya kamo bakin zanena da hannunsa mai lafiya.

“Kaka,” ya ce. “Ta… ƙarshe.”

Na juya wajen Magaji na ce ya bari zuwa Asabar.

“Umma, kin yi alkawari.”

“Kwana biyu kawai. Dubi babanka.”

“Ba wanda yake ɓoye a ciki yanzu, Umma. Yanzu ba ki da hujja.”

“Na ce kwana biyu.”

Ya dube ni, ya dubi babansa, ya jingine addar a bango ya fita. Zan iya cewa don babanku na yi, kuma gaskiya ne. Amma ba duka gaskiyar ke nan ba. Ni ma ina so. Kwana tara ina shiga wurin nan da zuciya a baki, ban ɗaga kai na kalli fure ko ɗaya ba, sai na ji ina son in zauna in gan shi cikin kwanciyar hankali kafin a kwantar da shi. Na ce a raina, mun tsallake babbar, me kwana biyu za su yi? Alhamis muka yini a bakin lambu ni da shi, na kawo masa kunu a can, har ya yi dariya da wani tsuntsu ya sauka a kan gamba ta lanƙwashe da shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan bindiga suka zo. Sun bar baburansu a hayin rafi suka tako da ƙafa, shi ya sa ba wanda ya ji komai sai harbi. Na ja babanku daga kujera muka faɗi tare a ƙasa, na ja shi da gwiwa har cikin ɗaki, ban san inda na samu ƙarfin ba. Na kwanta a kansa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Harbin yana da kusa, kamar a cikin kunnena, ina jin 'yan sa-kai suna mayarwa daga wajen masallaci, kowace ƙara sai in ce wannan Magaji ne. Abin bai kai rabin sa'a ba. Da aka yi shiru sai na ji muryar Saratu ta bayan danga, wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ayuba yana gindin rumbunsa yana ɗaure buhu suka same shi. Shi kaɗai aka kashe a ranar, aka tafi da mata biyu daga ƙarshen gari, waɗanda Allah ya kuɓutar bayan wata guda.

Washegari mutanen gari suka shigo lambun ba sallama. Suka samu wurare uku da ciyawa ta kwanta, suka ce ga inda suka laɓe nan. Biyu daga ciki na san su, ɗaya hanyar da nake bi zuwa rumfa ce, ɗaya kuma inda Hajjo take birgima. Ban iya faɗa ba. Na ukun yana can jikin lalle, daidai saitin rumbun Ayuba, kuma wannan ban san shi ba. Ko gibin da Saratu ta bi ne ya faɗaɗa, ko wani ne ya durƙusa a wurin da bindiga yana jiran lokaci, Allah kaɗai ya sani. Wasu sun ce ta hanyar rafi suka shigo kai tsaye, ba su bi ta lambun ba sam. Na yi shekaru ina juya wannan a raina, ban kai ƙarshensa ba. Suka sare komai a gabana, suka tara suka sa wuta. Magaji yana tsaye, aka karɓe bindigarsa a gaban jama'a aka ce ya bar ƙungiya. Bai dube ni ba. Cikin mako guda muka kwashe muka koma cikin Birnin Gwari, gidan da kuka same mu da kuka dawo hutu. Babanku bai ga wata daminar ba. Bayan addu'ar arba'in yayanku ya tafi Funtuwa, kuma kun san yadda yake da ni har yau. Yana aiko da gaisuwa, yana zuwa da salla, amma ba ya zama mu yi hira. Kada ku ga laifinsa.

Saratu ma ta dawo gari, tana zaune wajen ɗanta Luka a bayan tasha. Shekara biyu ina ganinta daga nesa a kasuwa ina canza hanya. Ran nan dai na ɗaure na tafi. Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na ce mata na zo ne in faɗi abin da ba ta sani ba, na gaya mata zancen alkawarin da na yi wa Magaji, da yadda na karya shi, da dalilin. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina aiki ba.

“Zancen Dije ba ki da laifi,” ta ce. “Da ni da Baban Luka da idonmu a buɗe muka shiga. Ya dawo ranar yana murna kamar an yi masa haihuwa.”

Ta watsa ɓawon a gefe, ta ɗebo wata gyaɗar.

“Amma na ji Magaji yana wasa adda ranar Laraba, Malama. Na ce wa Baban Luka, to, gobe za mu riƙa hango rafi. Alhamis na tashi na ga ciyawa tana nan. Juma'a na tashi na gan ta tana nan.”

Na ce, “Maman Luka, ki yafe mini.”

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Sannan ta ce, “A coci kullum ana gaya mana mu yafe. Ina ƙoƙari. Kwana biyun nan ban kai gare su ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na kai ba. Amma ki riƙa zuwa.”

Ta turo mini tiren gyaɗar, na sa hannu muka ci gaba da ɓara har aka kira magariba.

Tun daga ranar, duk Asabar ɗin farkon wata nakan je. In da gyaɗa mu ɓare, in da wake mu tsince, mu yi zancen jikoki da ciwon gwiwa. Ba ta ce ta yafe ba har yanzu, ni kuma ban sake tambaya ba. Abin da nake roƙonku, ke Bilki da Nura, da Magaji in ya yarda ya karanta wannan, shi ne idan Allah ya ɗauke ni kafin ta faɗa, kada Asabar ɗin ta wuce ba wanda ya je daga gidanmu. Ba sai kun kai mata komai ba, kuma kada ku roƙe ta komai. Ku yi sallama, ku zauna, in ta turo tire ku sa hannu.